Ɗaurewar jijiyar ƙafa cikin dare: me ke kawo ta, me kuke yi mata?

Tela_Bagalam: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wata matsala ce ta dame ni, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Yau wata uku ke nan, kusan duk bayan kwana biyu sai jijiyar ƙafata ta ɗaure cikin dare. Ba ta yi da rana, ba ta yi ina kan keken ɗinki, sai barci ya yi daɗi, wajen ƙarfe uku zuwa kiran sallar farko. Sha-raɓar dama ce ta fi yi. Naman wurin ya dunƙule ya yi tauri kamar dutse, yatsun su lanƙwashe ƙasa, in kasa ko motsi. Daren jiya har mai ɗakina ta farka a firgice, ta haska fitilar waya, muka ga naman yana rawa da kansa ƙarƙashin fata. Bai fi minti huɗu ba ya sake ni, amma har yanzu da nake wannan rubutu wurin na ciwo kamar an buge ni da sanda. Shekarata 54, keken ƙafa nake takawa tun safe har la'asar. Wanda ya san abin da ke kawo wannan, ko ya taɓa fama ya samu sauƙi, don Allah ya taimaka.

Ɗan_Sabongari: Wa'alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya sawwaƙe. Ƙarancin ruwa ne a jiki. Da wannan zafin da ake yi, ga rumfar kwano, ga takun keke, zufa kawai kake zubarwa. Ka yawaita shan ruwa za ka ga canji.

Hajiya_Mokoyo: Sannu Malam Tela. Ni man kaɗanya nake shafawa da dare in murza sosai, wani lokaci in gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. Ba zan ce ta daina gaba ɗaya ba, amma ina samun barci.

Bagobiri_Tibiri: Malam, wanga abu sanyi ne ya shiga ƙahwa. Mu tun muna yara in ya kama mutum, ƴar kanwa aka jiƙa mishi ya sha, ko a dama mishi kunun kanwa. Kwana ukku ka yi kana sha, ka zo ka ba mu labari.

Tela_Bagalam: Na gode muku. @Ɗan_Sabongari ruwa kam ina sha, akwai randa a bakin shagona. Kanwar ce ban gwada ba.

Majo_mai_ritaya: Malam Tela, dakata da maganar kanwa tukuna. Na yi shekaru ina aiki a likitocin karkara, wannan ƙorafin na ji shi ba adadi, musamman daga waɗanda suka haura hamsin da mata masu ciki. Mutane na ɗauka kanwa na ƙara wa jiki potasiyom. Abin da ya fi yawa cikinta sodiyom ne, wato dangin abin da ke cikin gishiri, kuma shi ne ke tayar da tansiyo (hawan jini). Mutum mai shekarunka bai kamata ya mayar da ita abin sha ba sai ya san awon jininsa. Kafin a ba ka magani ma akwai tambayoyi. Ƙafar na kumbura? Kana jin ta dindiris ko zafi-zafi a tafin ƙafa? Kana da ciwon suga? Akwai wani magani da kake sha kullum?

Bagobiri_Tibiri: Baba Majo, ba mu musu da ku, ku kunka yi karatun. Amma kakanninmu da kanwa sunka rayu, kuma sun hi mu lahiya.

Majo_mai_ritaya: Ba na raina abin da muka gada, ɗan'uwa. Ƴar kanwa cikin miyar kuɓewa ko cikin wake daban, jiƙa ta a sha safe da yamma daban. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Shi ya sa nake tsoron ta ga mai tansiyo.

Maman_Biyu: Ni da cikina na uku ta fara min, daga wata shida har na haihu. Wallahi akwai daren da na yi kuka. Miƙa kawai zan yi cikin barci, da na miƙe yatsun ƙafa sai ta kama. Da na faɗa wa ungozoma wajen awo, ta ce in daina miƙa da yatsu gaba, in riƙa tura diddige gaba ina janyo yatsu wajen fuskata. Ta kuma rubuta min kalsiyom. Bayan haihuwa ko sau ɗaya ba ta sake yi ba.

Ɗaliba_UDDM: Abin da ungozomar Maman Biyu ta faɗa shi ne gaskiyar lamarin, bari in ɗan ƙara bayani gwargwadon abin da aka koya mana. Mu a Hausa komai jijiya muke cewa, amma abin da ke dunƙulewa tsoka ce. Jijiyar da ke kai wa tsokar saƙo ce ke rikicewa ta yi ta aika umarnin a matse ba tsayawa. Idan mutum ya kwanta, musamman rub da ciki ko bargo ya danne masa ƙafa, yatsu na kallon ƙasa, tsokar sha-raɓa na zaune a gajarce. A haka ko ƙaramin motsi ya isa ya tayar da ita. Shi ya sa maganin nan take shi ne a ja ta ta miƙe: Baba, ka miƙe gwiwa, ka kamo yatsun ka janyo su wajen ƙirjinka, ko Inna ta dafa tafin ƙafar ta tura maka. In za ka iya, ka sauko ka taka ƙasa, ka ɗan yi tafiya a kan diddige. Yawanci cikin daƙiƙoƙi take saki. Kuma ga mafi yawan mutane, ko an yi awo ba a samun wata cuta a bayanta.

Tela_Bagalam: Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Ashe ni akasin haka nake yi. In ta kama ni naɗe ƙafar nake yi in rungume gwiwa ina jiran ta saki.

Mai_Kabukabu_227: Ni ma tana yi min bayan na wuni kan babur, amma tawa ba zafi, ƙafar ce ke mutuwa sai in ji kamar ana tsira min allurai.

Ɗaliba_UDDM: Yaya, wannan minjirya ce, ba ita Baba Tela ke nufi ba. Taka daga danne jijiya ne saboda dogon zama. Akwai ma wata ta uku da ake haɗa su: mutum ya kwanta ya ji ƙafafunsa ba su da natsuwa, kamar wani abu na yawo ciki, sai ya motsa su yake jin sauƙi. Ita ba ta dunƙule nama, kuma sau da yawa tana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini.

Alhaji_Gulbi: Ku bar wahalar da bawan Allah. Kwinin ne maganinta. Wani abokina da ya zauna Ingila ya ce can likita ne da kansa ya rubuta wa surukinsa. Na sayi nawa wajen masu tallar magani a tasha, ƙwaya ɗaya kafin barci, na yi sati biyu ba ta kama ni ba.

Majo_mai_ritaya: Alhaji, don girman Allah ka daina, kuma kada kowa a nan ya bi wannan. Gaskiya ne kwinin na rage ta kaɗan, kuma gaskiya ne a Ingila ana rubuta shi ga wanda abin ya hana barci ƙwarai, bayan an gwada komai, likita na bin sawunsa. Amma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2006, ta sake yi a 2010, cewa kada a sha shi don ɗaurewar ƙafa. Yana iya karya ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, mutum ya fara haɓo ko dasashinsa ya yi ta jini, yana iya rikita bugun zuciya, ga ƙugin kunne da duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwan kwinin ya sani. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ana ɗaukar wannan kasada don ceton rai. A kan ciwon minti uku ba ta kai ba. Ballantana wanda ya wuni cikin rana a kan faranti, ba ka san abin da ke ciki ba.

Alhaji_Gulbi: To ai kunnen nawa kuwa ya ɗan yi ƙara kwanakin, na ɗauka zafi ne. Na ji, Baba Majo. Na ajiye.

Inna_ta_Gida: Ni dai zan faɗi nawa ko ba za a so ba. Abin da ke zuwa cikin dare kaɗai, lokaci ɗaya kullum, a duba shi ta wata fuskar. Mutum na iya taka abu a hanya, ko ya zuba ruwan zafi da dare ba bisimilla. Malam ka riƙe azkar ɗin kwanciya, ka tofa Falaƙi da Nasi ka shafe jikinka.

Malam_Limanci: Azkar kam wajibi ne mu riƙe, da ciwo da babu, Inna ta yi gaskiya a nan. Sai dai kada mu sa wa bawan Allah zargi a zuciya, ya fara kallon maƙwabtan shagonsa. Ni kaina tana kama ni a goman ƙarshe na azumi bayan tsayuwar dare, kuma na san gajiya ce. A yi addu'a, a nemi magani, duka biyun umarni ne.

Tela_Bagalam: Baba Majo, ka yi haƙuri ban amsa tambayoyinka ba, aikin anko ne ya riƙe ni. Ƙafar ba ta kumbura. Suga an auna ni bara an ce babu. Amma ina shan maganin tansiyo, wata huɗu ke nan da aka ɗora ni kansa. Iri biyu ne, ɗaya ƴar ƙarama fara, tun da na fara ta nake yawan fitsari. Na duba kwalin, an rubuta hydrochlorothiazide.

Majo_mai_ritaya: Yauwa. Ka ga amfanin tambaya. Magani wata huɗu, ciwo wata uku. Ban ce lallai shi ne ba, amma magungunan da ke sa fitsari, irin wannan naka da Lasilix, suna fitar da potasiyom da magnesiyom tare da ruwa, kuma an san su da wannan. Haka wasu magungunan rage kitse a jini da abin shaƙa na masu asma. Yanzu ka saurare ni da kyau: kada ka tsayar da maganin da kanka. Ɗaurewar ƙafa ba ta kisa, tansiyo na shanye ɓarin jiki. Ka ɗauki kwalayen duka biyu ka koma wurin wanda ya rubuta maka, ka gaya masa yadda ka gaya mana, ka ce kana son a duba gishirin jininka da ƙoda. Shi zai ga ko a canza ko a rage. Da ka sha kanwar nan a kan tansiyo, da an gudu ba a tsira ba.

Bagobiri_Tibiri: Subhanallahi. Malam Tela ka gahwarce ni, ban san kana da hawan jini ba.

Tela_Bagalam: Babu komai wallahi, alheri ka nufa.

Ɗan_Sabongari: To in potasiyom ne ai sai ya riƙa cin ayaba kullum. Ƴan ƙwallo ma ita suke ci.

Mai_Lambu_Jiratawa: Ayaba a Maradi kullum? Daga kudu ake kawo ta, wa zai iya? Ga zogale nan muna nomawa har ana lodi zuwa wasu garuruwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wake, dankali, dabino, aya, gyaɗa, duk namu ne. Mu da muke wuni duƙe cikin fangali muna ban ruwa, ƙafa da cinya duk suna ɗaure mana, amma ni na lura ranar da na ci kwaɗo na sha fura da nono sosai ba ta cika damuna ba.

Hajiya_Mokoyo: Zogalen ma yanzu ya yi tsada, ɗan ƙullin da muke saye da ba ya isar mutum biyu.

Mai_Lambu_Jiratawa: Hajiya kuɗin man injin ban ruwa ne, ba laifinmu ba ne. Ki bari damina ta sauka.

Ɗaliba_UDDM: Abincin nan duka masu kyau ne, a ci. Amma kada a ɗauka duk mai wannan matsala wani sinadari ne ya rasa. An tattara binciken da aka yi kan ƙwayoyin magnesiyom a 2020, aka ga ga manya masu shekaru kusan ba su da bambanci da ƙwayar da ba magani ciki. Ga masu ciki sakamakon ya rabu biyu, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na awon ciki na 2016 ta ce ana iya ba su magnesiyom ko kalsiyom. Na faɗi haka ne don na ga mutane na zuba kuɗi a farmasi kan waɗannan kwalabe. Sannan mai ciwon ƙoda kada ya sha potasiyom ko magnesiyom da kansa, suna taruwa a jini. Abin da ba ya cin ko dala shi ne miƙa tsokar kafin kwanciya. A ƙasar Holan an gwada wa mutum 80 da suka haura shekara 55, rabi suna miƙa sha-raɓa da bayan cinya kowane dare har sati shida, kuma nasu ya ragu fiye da na sauran.

Maman_Biyu: Ƙanwata yaya ake yin miƙar? Uwar mijina na fama, in koya mata.

Ɗaliba_UDDM: Ta tsaya gaban bango kamar taku ɗaya babba, ta dafa shi da tafin hannu biyu, ta mayar da ƙafar da ke ciwo baya. Sai ta karkata gaba a hankali, gwiwar baya a miƙe, diddige manne da ƙasa, har ta ji sha-raɓar na ja. Ta ƙirga ashirin, ta huta, ta maimaita sau uku, ta canza ƙafa. In tsayuwa na mata wuya, ta zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta saƙalo tafin da ɗankwali ta janyo.

Direban_Yamai: Ina karantawa tun ɗazu. Ni hanyar Maradi zuwa Yamai nake, sama da kilomita 600, kuma ɗaurewar ƙafa ta zama abokiyar aikinmu. Amma akwai abin da nake so a sani. Wani abokin aikina ya dawo daga doguwar tafiya ya ce jijiya ta ɗaure masa, muka ce ai ta saba, a murza. Kwana biyu ciwon bai saki ba. Da ya ɗage wando sai muka ga ƙafar hagu ta fi ta dama kauri, ta yi sheƙi, ka taɓa ka ji zafi. A asibiti aka ce jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma murzar da muke yi na iya ɓalle shi ya tafi huhu. Ya sha magani watanni. Tun ranar ba na wuce Konni ko Dogon Dutsi ban sauka na taka ƙasa ba.

Majo_mai_ritaya: Allah ya saka da alheri Direba, wannan ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Ta dare tana kamawa ta saki, ƙafar ta koma yadda take. Wadda ta kumbura gefe ɗaya, ta yi zafi, ba a murza ta, asibiti ake nufa ranar. Masu jego da masu ciki su fi kowa kula. Haka wanda sha-raɓarsa ke ciwo in yana tafiya, ya tsaya ta lafa, musamman mai shan taba ko mai suga, wannan hanyar jini ce ta ƙuntata. Da wanda ƙafar ke ramewa ko tana rasa ƙarfi.

Ƴar_Madarunfa: Ni abin da na gani da idona lokacin kwalara ta 2018 a wajenmu, masu gudawa da amai ƙafafunsu da hannayensu ɗaurewa suke yi suna ihu. Don haka maganar ruwa da Ɗan Sabongari ya yi tun farko ba banza ba ce. In da gudawa, a kaɗa SRO, wato ruwan gishiri da suga, a fara ba mutum, a kama hanyar likita.

Ɗan_Sabongari: Na gode Yaya, ai na ga kamar an watsar da tawa.

Majo_mai_ritaya: Ba a watsar ba. Mai gudawa, mai aikin ƙarfi cikin rana, mai azumi a bazara, ruwa da gishirin jikinsu na raguwa, wannan a fili yake. Amma akwai tsohuwar da ba ta fita ko ƙofar gida, tana shan ruwa isasshe, kuma tana kama ta. Ita ko ta shanye randa ba zai hana ba.

Kaka_Maradawa: Jikata ke rubuta min. Ni a ganina kujera ce ta ɓata mu. Da a tsugune muke girki, a tsugune muke wanki, agara a sake take. Yanzu kowa na kan kujerar roba. Kuma a gaya wa telan, in zai kwanta kada ya soke gidan sauro ko zane har ya danne masa yatsu.

Mai_Kabukabu_227: Na ga wani bidiyo a Facebook wai a sa sabulu ƙarƙashin zanen gado. Akwai wanda ya gwada?

Hajiya_Mokoyo: Na gwada sati guda. Ta kama ni sabulun na nan ƙarƙashina.

Tela_Bagalam: Salamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Na je na ga likitan da kwalayen. Ya auna tansiyo, ya sa an ɗebi jini, ya ce potasiyom ɗina ya ɗan yi ƙasa, ya canza min ƴar farar ƙwayar da wata. Yau kwana tara. Ina yin miƙar bango bayan isha'i, kuma a shago duk in na gama riga ɗaya sai in tashi in ɗan zaga. Ta kama ni sau biyu cikin kwanakin nan. Na biyun ina jin ta fara na diro daga gado na taka ƙasa, mai ɗakina ba ta ma farka ba. Abin da ban gane ba, me ya sa har yanzu ta dama ce kaɗai, alhali da ƙafa biyu nake taka keken?

Mai_Lambu_Jiratawa: Ka lura da kyau gobe, Malam. Mahaifina tela ne, ƙafar dama yake sawa gaba yana dannawa da yatsu, ta hagu na baya tana rakiya kawai.

Bagobiri_Tibiri: Alhamdu lillahi da sauƙi. Ni tawa ta hagu ce, kuma ban taɓa taka keke ba. Baba Majo, mai shan shayi sau ukku kullum hwa, akwai ruwan shayin ciki?